Jar Giyar Inabi Mai Sauƙin Kuɗi: Yadda Ake Ɗanɗana Ta da Haɗa Ta da Girkin Gida

Yawancin jar giyar inabin da ke jere a shaguna ba a yi ta don ajiya ba. An yi ta ne don a buɗe cikin shekara biyu ko uku, a sha da abinci. Masu tsadar da ake ta zuzutawa 'yan kaɗan ne, kuma ba lallai su fi yi wa bakinka daɗi ba. A 2008 Robin Goldstein da abokan aikinsa sun tattara sakamakon ɗanɗano sama da 6,000 da aka yi ba tare da masu shan sun ga kwalba ko farashi ba, sai aka tarar waɗanda ba su da horo a harkar sun ɗan fi son masu arha. A 2008 ɗin kuma wani gwaji a Kalifoniya ya ba mutane giya iri ɗaya sau biyu, aka ce musu ɗaya ta dala 10 ce, ɗaya ta dala 90. Suka ce ta dala 90 ta fi daɗi, har hoton ƙwaƙwalwarsu ya goyi bayan bakinsu.

Abin da ya fi sa kwalba mai arha ta ba da kunya shi ne an bar ta a zafi, ko an sha ta da ɗumi, ko an haɗa ta da abincin da ba sa jituwa. Duka ukun ana gyara su ba tare da ƙarin kuɗi ba.

Wannan jagora ta manya ce waɗanda dama suna sha. Mai juna biyu, da mai shirin tuƙi, da mai shan maganin da bai jituwa da barasa, da wanda addininsa ko lafiyarsa suka hana shi, ba da su ake ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a Janairun 2023 cewa babu wani adadin barasa da za a ce ba shi da illa ga lafiya, don haka kada wani ya ruɗe ka da zancen cewa jar giya maganin zuciya ce.

Mataki na farko: zaɓen kwalba

Ka sayi kwalba biyu masu hali daban, ba ɗaya ba. Baki ba ya koyo sai da kwatantawa. Idan ka kurɓi giya ɗaya tilo, iyakar abin da za ka ce shi ne da daɗi ko ba daɗi. Idan biyu ne a gabanka, nan take za ka ji wannan ta fi tsami, waccan ta fi nauyi.

Ana iya kasa jar giya gida uku. Akwai marasa nauyi, irin su Gamay na yankin Beaujolais a Faransa, da Pinot Noir. Sai dai Pinot Noir inabi ne mai wuyar noma, kuma mai arharsa ya fi kowa yawan ba da takaici; in za ka gwada, nemi na Chile. Akwai matsakaita, kuma a nan ne arha ta fi yin albarka: Chianti daga Italiya, wanda akasarinsa inabin Sangiovese ne, Montepulciano d'Abruzzo, Tempranillo na Sifaniya, Côtes du Rhône na kudancin Faransa, wanda ake haɗawa da Grenache da Syrah da Mourvèdre, da Merlot. Sai masu nauyi: Malbec na Mendoza a Ajantina, Cabernet Sauvignon, Shiraz na Ostireliya (wani suna ne na inabin Syrah), Primitivo na Puglia a kudancin Italiya, Pinotage na Afirka ta Kudu, da gaurayen giyoyin Douro da Alentejo na Fotugal. A ganina Fotugal da kudancin Italiya da Sifaniya sun fi ba da giya mai kyau a kuɗi kaɗan, domin ba ka biyan kuɗin suna kamar yadda ake yi da giyar Bordeaux ko Burgundy na Faransa.

A jikin takardar kwalba abu huɗu ne suka dame ka. Na ɗaya, sunan inabi ko na yanki. Turawan Faransa da Italiya da Sifaniya sun saba rubuta yanki, su Chile da Ajantina da Ostireliya kuwa sunan inabi suke sawa a gaba. A dokar Tarayyar Turai, in an rubuta sunan inabi ɗaya, to aƙalla kashi 85 cikin 100 shi ne; a Amurka kashi 75 ne. Na biyu, shekarar girbi: ga mai arha, sabuwa ta fi tsohuwa. Na uku, yawan barasa. Kashi 12 zuwa 13 alamar giya mara nauyi ce mai ɗan tsami, kashi 14 zuwa 15 alamar mai kauri ce daga wuri mai rana. Na huɗu, kalmomin tsufa. A yankin Rioja na Sifaniya, in ka ga “crianza”, jar giyar ta yi aƙalla shekara biyu kafin a fito da ita, ɗaya daga ciki a gangar katako. “Reserva” kuwa shekara uku. Amma a ƙasashe da yawa kalmar “reserve” ba ta da wata doka a bayanta, ado ne kawai na 'yan kasuwa.

Kafin ka biya, duba inda kwalbar take. Wadda ke bakin taga rana na dukanta, ko kusa da fitila mai zafi, bar ta. In toshiyar ta ɗan turo kai sama, ko akwai busasshen sawun giya a wuyan kwalba, zafi ya riga ya taɓa ta. Murfin ƙarfe mai murɗawa ba alamar ƙasƙanci ba ne; mafi yawan giyar Ostireliya da New Zealand da shi take zuwa, har masu tsada.

Mataki na biyu: sanyi da kofi

Maganar da ake yi cewa jar giya a yanayin ɗaki ake shan ta, ta samo asali ne daga tsofaffin gidajen Turai masu sanyi. Abin da ake nufi shi ne digiri 16 zuwa 18 a ma'aunin Salshiyas ga masu nauyi, 14 zuwa 16 ga matsakaita, 12 zuwa 14 ga marasa nauyi. Da zarar ta haura digiri 20, barasa ce ke fara yin gaba, ƙamshi ya dushe, giyar ta zama lami mai ƙuna a maƙogwaro. Sa kwalbar a firji minti 20 zuwa 30 kafin a zauna. In ta yi sanyi fiye da kima za ta ɗumama a kofi da kanta, wannan ba matsala ba ce.

Kofi kuma, kowane na gilashi mai faɗin ciki da ɗan tsukakken baki ya isa. Babban abu shi ne ya zama ba warin sabulu ko na kabad. Zuba kamar mililita 50 don ɗanɗano, kada ya wuce sulusin kofin. Ajiye ruwa da burodi mara zaƙi a gefe, da wani kofin na tofarwa. Masu wannan sana'a tofarwa suke yi, in ba haka ba ba wanda zai kai kofi na goma da hankalinsa.

Mataki na uku: ɗanɗanawa

Fara da ido, amma kada ka daɗe. Karkata kofin a kan farar takarda. Ja mai shuɗi-shuɗi alamar ƙuruciya ce, ja mai komawa ruwan ƙasa a gefe alamar tsufa ce, ko kuma iska ta shige ta. Launin daga ɓawon inabi yake fitowa, domin ruwan cikin yawancin jan inabi fari ne; barin ɓawon a cikinsa lokacin tsimawa ne ke rina shi. Ɗigon da ke gangarowa a jikin kofi, wanda wasu ke ta yabawa, yawan barasa kawai yake nunawa, ba inganci ba.

Sai hanci. Sansana sau ɗaya kafin ka motsa kofin, sannan ka juya shi a kan tebur kamar sau biyar, ka sake sansanawa. Tambaya ta farko ba “ƙamshin me nake ji” ba ce, tambayar ita ce “lafiyarta ƙalau?” In ka ji warin jiƙaƙƙen kwali ko na ɗakin da rima ta kama, wani sinadari ne da ake kira TCA, wanda galibi daga toshiya yake zuwa. Ba ya cutarwa, amma ya kashe kwalbar, kuma ba ya fita. Shagon kirki zai canza maka. In ka ji binega ko ruwan goge jan farce, ta lalace. In kuwa warin ashanar da aka ƙyasta ne ko ɗan warin ƙwai, kada ka yi saurin zubarwa. Juye ta a wani jug mai tsabta ka bar ta minti 20, sau da yawa yana tafiya.

In lafiya take, sai ka nemi ɓangaren da ta karkata. Ƙamshin 'ya'yan itace ne ja masu ɗan tsami, irin ceri, ko baƙaƙe nunannu, ko busassu irin zabibi? Akwai ƙamshin kayan yaji? Wannan ba ƙirƙirar masu son burga ba ce. Ƙamshin masoro da ake ji a Syrah daga wani sinadari ne mai suna rotundone, wanda yake cikin masoron kansa. Masu bincike a Ostireliya ne suka gano shi a giya a 2008, suka kuma lura cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar ba ya jin sa sam. Ƙamshin koren tattasai a Cabernet Sauvignon da Carmenère shi ma sinadari ɗaya ne da na tattasan. Fanila da kanumfari da hayaƙi kuwa daga katako suke zuwa, kuma a giya mai arha sau da yawa ba ganga ba ce, guntayen katako ake jefawa a tanki. Ba laifi ba ne in bai yi yawa ba. In ba ka ji ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kada ka damu, ba su ne ke yanke hukunci a kan tebur ba.

Masu yanke hukuncin suna cikin baki, kuma su uku ne: tsami, bauri, nauyi. Kurɓi kaɗan, ka zagaya da ita ko'ina a baki na daƙiƙa biyar, ka haɗiye ko ka tofar.

Tsami ana gane shi da yawu. Bayan ka haɗiye, sunkuyar da kai kaɗan ka buɗe baki. In yawu ya taru da sauri, tsaminta da yawa. Sangiovese da Gamay da Barbera na Italiya haka suke.

Bauri kishiyar wannan ne: baki ya bushe, dasashi ya ɗaure, harshe ya yi kaushi. Sinadarin tanin ne ke kawo shi, daga ɓawo da ƙwayar inabi da katako, yana kama furotin ɗin da ke cikin yawu ya rage masa santsi. Masu farawa suna yawan rikita shi da ɗaci ko da tsami. Hanya mafi sauƙi ta rarrabe su ita ce ka jiƙa baƙin shayi minti goma, ba sukari ba madara, ka kurɓa: wannan shi ne bauri. Sannan ka kurɓi ruwan da aka matsa wa lemun tsami: wannan tsami ne. Cabernet Sauvignon baurinsa da yawa, Malbec da Tempranillo matsakaici, Gamay da Pinot Noir kaɗan.

Nauyi shi ne yadda giyar ta cika baki, ko tana wucewa sakayau ko tana da kauri. Yawanci yana tafiya tare da yawan barasa, wadda za ka ji ɗuminta a maƙogwaro.

Akwai na huɗu da ya kamata ka sa wa ido musamman a masu arha, wato zaƙi. Wasu manyan kamfanoni suna barin ɗan sukari don ya rufe bauri, giyar ta yi laushi a kurɓin farko. Kurɓi na farko daɗi, kofi na biyu ya ginshe ka, kuma irin wannan ba ta cika jituwa da abinci ba. Ka lura da bakinka bayan haɗiya: in ya yi danƙo, da sukari a ciki.

Daga ƙarshe ƙirga daƙiƙa nawa ɗanɗanon ya zauna. A nan ne mai tsada takan fi mai arha da gaske. Mai arha da ta bar ɗanɗano mai daɗi na daƙiƙa goma ta biya kuɗinta. Rubuta layi ɗaya: sunanta, shekararta, tsami, bauri, nauyi, da ko za ka sake saye.

Mataki na huɗu: gwajin faranti ɗaya

Kafin ka haddace wane abinci ke tafiya da wace giya, yi wannan gwajin sau ɗaya, ya fi karatun shafi hamsin. Jera gishiri kaɗan, yankan lemun tsami, guntun cuku mai tauri ko nama mai kitse, ɗan sukari, da ɗan barkono. Ɗauki giyar da ta fi bauri cikin biyun. Kurɓa, ɗanɗana abu ɗaya, sake kurɓa, kurkure baki da ruwa, wuce na gaba. Bar barkono a ƙarshe.

Da gishiri za ka ji ɗaci da bauri sun kwanta, ƙamshin 'ya'yan itace ya taso. Da lemun tsami giyar za ta yi kamar ta ƙara zaƙi da laushi, domin tsamin abinci ya danne nata. Da maiƙo da furotin bauri zai lafa, ita kuma ta wanke maka maiƙon daga baki. Da sukari sai komai ya juye: ta koma tsami da ɗaci, ta zama siririya. Da barkono kuwa wuta biyu ce ta haɗu, barasa na ƙara wa yaji raɗaɗi, yajin kuma na fito da bauri.

Ma'anar wannan ga mai girki babba ce. In ka zauna ka ga giya da abinci suna faɗa, ba sai ka buɗe wata kwalba ba. Ɗan barbaɗa gishiri ko matsa lemun tsami a abincin yakan sasanta su.

Mataki na biyar: haɗawa da abin da ke tukunya

Kada ka tambayi kanka wane nama ne. Tambayi yadda aka dafa shi da irin miyar da ke kansa. Kazar da aka dafa a ruwa da wadda aka gasa a kan garwashi da wadda ta nitse a miyar tumatir abinci uku ne daban, kowanne da giyarsa. Sannan ka daidaita nauyi: abinci mara nauyi da giya mara nauyi, mai maiƙo da kauri da giya mai ƙarfi.

Miyar tumatir, ko a kan taliya ko shinkafa, ita ce ta fi yawa a girkin gida, kuma ita ce ta fi kayar da giya. Tumatir na da tsami, don haka giya mai ƙarancin tsami, irin Merlot mai laushi ko Shiraz mai kauri, sai ta zama lami a gefensa. Ba shi Chianti, Barbera ko Montepulciano d'Abruzzo. In kwalba ɗaya tak za ka ajiye a gida don kowane irin girki, ni daga cikin waɗannan zan ce ka ɗauka.

Gasasshen naman sa ko na rago mai kitse shi ne gidan masu bauri: Cabernet Sauvignon, Malbec, giyar Douro. Amma tsokar da ba kitse, ko naman da ya daɗe a wuta har ya saki, ba ya buƙatar bauri mai yawa. Naman da aka dafa a hankali da albasa da karas da tafarnuwa ya fi son Côtes du Rhône ko Rioja crianza. Abin da ya sha hayaƙi ko ya ɗan babbake a gefe yana jituwa da Shiraz da Pinotage, masu ɗan ƙamshin hayaƙi su ma.

Gasasshiyar kaza ba ta da rigima, kusan kowace mara nauyi ko matsakaiciya ta yi. Wake da sauran danginsa, da laimar kwaɗi, da gasassun kayan lambu da man zaitun, suna son Tempranillo, Grenache ko Pinot Noir. Ganye mai ɗaci kuwa kada ka haɗa shi da giya mai bauri, ɗaci kan ɗaci taruwa yake yi.

Abinci mai yaji sosai shi ne mafi wuya. Nemi wadda barasarta ba ta wuce kashi 13 ba, mai ƙarancin bauri, ka sanyaya ta sosai. Gamay ko Lambrusco na Italiya mai ɗan kumfa. A nan ne kaɗai ɗan zaƙin nan da na kushe yake da rana. In yajin ya kai na share hawaye, gaskiya ruwa ya fi.

Kifi fa? Tsohuwar dokar nan ta cewa ba a haɗa shi da jar giya tana da tushe. A 2009 masu bincike a Japan sun nuna cewa sinadarin ƙarfe da ke cikin wasu giyoyi ne ke haɗuwa da man abincin teku ya tayar da ƙarni a baki. Ba a rubuta yawan ƙarfe a kwalba, don haka gwaji ne kawai. Kifi mai tsoka irin tuna ko salmon, gasasshe ko a miyar tumatir, yakan yi daidai da Pinot Noir ko Gamay mai sanyi. Farin kifi mai laushi kuwa bar wa farar giya.

Cuku mai tauri wanda ya tsufa yana tafiya da jar giya. Mai laushi ba sosai ba. Kayan zaƙi, har da cakulan, a kai su tebur bayan an gama da kofin.

Mataki na shida: ragowar kwalba

Kwalba ta yau da kullum mililita 750 ce, wato kofi biyar na mililita 150. A lissafin hukumomin lafiya na Birtaniya, awo ɗaya shi ne mililita 10 na tsantsar barasa, kuma shawararsu kada a wuce awo 14 a mako. Kwalba ɗaya mai kashi 13.5 ta kai awo 10. Don haka ba dole ba ne a ga ƙarshenta a zama ɗaya.

Mayar da toshiya ka sa a firji, ko da ja ce. Sanyi na rage saurin lalacewar da iska ke kawowa. Takan yi kwana uku zuwa biyar, masu bauri sun fi jurewa, wasu ma sun fi daɗi a rana ta biyu. In rabi ta rage, juye ta a ƙaramar kwalba mai murfi ka cika ta har wuya. Waɗanda ba a buɗe ba kuma a ajiye su a wuri mai duhu da sanyi, nesa da murhu da saman firji, masu toshiya a kwance.

Wadda ta fara dusashewa amma ba ta koma binega ba, ta girki ce. Bayan ka soya nama, zuba rabin kofi a kaskon, ka kankare abin da ya kama a gindi, ka bar shi ya ƙone zuwa rabi kafin ka ƙara romo. Mai bauri da yawa takan yi ɗaci in ta ƙone, matsakaiciya ta fi. Sai dai ka sani wuta ba ta korar barasa duka: alƙaluman ma'aikatar gona ta Amurka sun nuna bayan minti 30 ana dahuwa kusan kashi 35 cikin 100 na nan, bayan awa biyu da rabi kusan kashi 5. In akwai yaro, ko mai ciki, ko wanda ba ya shan barasa a cikin masu cin abincin, yi amfani da romo da ɗan lemun tsami a madadinta.